Amsa ga Baffa a kan zamanmu a ƙasar Indiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baffa, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya da iyali baki ɗaya, ga amsar tambayoyin da ka aiko mini. Na zaɓi in rubuta ta a fili domin duk wanda ya yi niyyar turo ɗansa karatu ko kawo mara lafiya asibiti a ƙasar nan, kusan da waɗannan tambayoyi yake farawa. Ka ce an gaya maka cewa mu Hausawan Delhi da kewayenta ba ma yanka shanu a Babbar Sallah, ba ma fita zanga-zanga idan an taɓa Musulmi, kuma muna hana yaranmu sa baki a maganar siyasar ƙasar ko da a Facebook ne. Sannan ka tambaya, da lafazin da ya kamaci uba, ko tsoro ne ya kama mu ko kuwa daɗewa cikin waɗanda ba Musulmi ba ne ya sanyaya mana zuciya. Duk abin da aka gaya maka haka yake, sai dai wanda ya kawo maka labarin bai kawo maka dalilinsa ba, kuma dalilin yana cikin siyasar ƙasar da muke zaune a cikinta.

Yawancinmu ɗalibai ne a jami'o'i masu zaman kansu na Greater Noida da Punjab da Bangalore da Hyderabad. Sauran kuwa masu yi wa majinyata tafinta ne da jagora a asibitoci, da 'yan kasuwa masu sayen magunguna da kayan gyaran babur mai ƙafa uku da yadi suna aikawa gida. Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe shaidar zama ɗan ƙasa biyu ba, saboda haka hatta wanda ya yi furfura a nan a kan biza yake zaune, kuma ɗalibin da bizarsa ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da isowarsa. Mai gidan haya ma sai ya sanar da hukuma cewa ya sauki baƙo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma duk wata al'ada da muka ɗauka a nan daga wannan matsayi ta samo tushe.

Zan fara da layya, tunda ita ta fi damunka. Saniya abar girmamawa ce ga mafi yawan mabiya addinin Hindu, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 79.8 cikin 100 na jama'ar ƙasar, Musulmi kuwa kashi 14.2, wato mutum wajen miliyan 172 a wancan lokaci. Tun a kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950, sashe na 48 ya umarci hukuma ta yi ƙoƙarin hana yanka shanu, kuma jihohi da yawa sun yi doka a kai: Delhi tana da tata tun 1994, Gujarat kuma a 2017 ta kai hukuncin har ɗaurin rai da rai. Dokar ta daɗe. Abin da ya canza a shekarun nan shi ne bayyanar gungun matasa masu kiran kansu masu kare shanu, waɗanda ke tare motoci a kan hanya su yanke hukunci da hannunsu. A watan Satumba na 2015, a wani ƙauye da ke yankin Dadri, jama'a suka fito da Mohammad Akhlaq daga gidansa suka kashe shi da duka saboda jita-jitar cewa ya ajiye naman saniya. Dadri tana gunduma ɗaya da Greater Noida, inda ɗaruruwan yaranmu ke karatu. Idan ɗan ƙasa, wanda aka haifa a garin kuma ɗansa yake aiki a rundunar sojan sama, bai tsira daga jita-jita ba, ka ga bai kamata baƙo baƙar fata ya gwada sa'arsa ba.

Saboda haka mai hali a cikinmu yakan sayi rago ko bunsuru, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya dama rago ne ya fi falala, don haka babu abin da ya rage mana na addini. Akwai kuma ɓaunar gida, wadda suke kiwo domin madara, doka ba ta hana yanka ta a nan ba, har ma Indiya tana cikin manyan masu sayar da namanta a duniya. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda galibinsu Hanafawa ne, sukan haɗa kuɗi mutum bakwai su yanka ɗaya. A nan ne muka sha muhawara a tsakaninmu, domin Malikiyya ba ta yarda a yi tarayya a kuɗin dabbar layya ba. Wasu ɗalibai da kuɗinsu bai kai na rago ba sun ɗauki fatawar sauran mazhabobi suna shiga cikin bakwai ɗin, wasu kuma suna aika kuɗi gida a yanka musu, kuma ba ma ganin laifin kowane ɓangare. Abin da muka haɗu a kai shi ne ba a yanka a bakin titi, ba a barin jini ya malala a kwata, ba a ɗaukar hoto a watsa, kuma ba a ɗaukar nama a buɗe a shiga motar haya.

Ba za a fahimci yadda aka zo nan ba sai an san jam'iyyar BJP mai mulkin ƙasar da uwar ƙungiyarta RSS, wadda aka kafa a Nagpur a 1925 a kan aƙidar cewa Indiya asalinta ƙasar Hindu ce. Narendra Modi, wanda ya tashi a cikin wannan ƙungiya, ya zama firaminista a 2014 bayan jam'iyyarsa ta ci kujeru 282 daga cikin 543 na majalisar wakilai, a 2019 kuma ta ci 303. Da wannan rinjaye aka aiwatar da abubuwan da suka daɗe a cikin burinsu. A ranar 5 ga Agusta 2019 aka soke matsayi na musamman da Kashmir ke da shi. A watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta ba da filin masallacin Babri na Ayodhya, wanda aka rushe a ranar 6 ga Disamba 1992, domin a gina wurin bautar Ram, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, kuma Modi da kansa ya jagoranci buɗe shi a ranar 22 ga Janairu 2024. A watan Disamba na 2019 aka yi dokar da ta sauƙaƙa zama ɗan ƙasa ga mabiya addinai shida da suka shigo daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan, aka tsame Musulmi daga cikinta. Wannan doka ce ta fito da mata, har da tsofaffi masu jikoki, suka zauna a kan titi a unguwar Shaheen Bagh tsawon wata uku cikin tsananin sanyin Delhi, kuma a watan Fabrairu na 2020 rikici ya ɓarke a arewa maso gabashin birnin, mutum 53 suka mutu, mafi yawansu Musulmi.

Ka tambaya me ya hana mu shiga wancan zama. Zuciyarmu tana tare da su, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma bizar baƙo ba ta ba shi damar shiga harkar siyasa ba, kuma hukuma ba ta wasa da wannan. A watan Disamba na 2019 an sallami wani ɗalibi Bajamushe da ke karatu a Chennai daga ƙasar saboda ya ɗaga kwali a zanga-zangar adawa da dokar. A 2020, da annobar korona ta shigo, an soke bizar ɗaruruwan baƙi da suka halarci taron Jama'atut Tabligi a unguwar Nizamuddin ta Delhi, aka gurfanar da da yawa a kotu bisa zargin sun yi wa'azi da bizar yawon buɗe ido, suka shafe watanni ba su koma gida ba, kodayake daga baya Babbar Kotun Bombay ta soke tuhumar wasunsu tana mai cewa an ɗora musu laifin da ba nasu ba. Tun daga lokacin muka tsaurara a kan cewa duk wanda ya zo da bizar jinya ko ta karatu, kada ya hau mumbari, kada ya jagoranci taron wa'azi a fili. Karatun Alƙur'ani da na littattafan fiƙihu da muke yi wa yaranmu, a cikin gidajenmu muke yin sa.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a wurina. Musulmin Indiya da kansu ba sa son mu shiga. Babban zargin da masu tsattsauran ra'ayi ke yi musu shi ne cewa zuciyarsu tana waje, biyayyarsu ga wasu ƙasashe take, don haka hoton baƙo ɗaya a cikin jerin gwanonsu makami ne a hannun abokan hamayyarsu. Matan Shaheen Bagh tutar Indiya suka riƙe, da hoton Ambedkar wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulki, suna karanta gabatarwar kundin da ƙarfi, domin hujjarsu ita ce su 'yan ƙasa ne kamar kowa. Hanyar da suka zaɓa kotu ce da akwatin zaɓe, kuma hanyar tana da wuya, domin a majalisar da aka zaɓa a 2024 Musulmi 24 ne kawai cikin 543. Duk da haka ba a banza suke bin ta ba. A wannan zaɓe BJP ta sauko zuwa kujeru 240, ƙasa da 272 da ake bukata, dole ta jingina da jam'iyyun Chandrababu Naidu na Andhra Pradesh da Nitish Kumar na Bihar kafin ta kafa gwamnati. Mazaɓar Faizabad, wadda Ayodhya ke cikinta, ta kuɓuce mata watanni kaɗan bayan buɗe wurin bautar, ɗan takarar jam'iyyar Samajwadi, wanda Dalit ne, wato ɗan rukunin da al'ada ta ajiye a ƙasan kowa saboda asalin haihuwa, shi ya ci. A watan Nuwamba na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta haramta wa hukumomi rushe gidan mutum da katafila don kawai ana tuhumarsa da laifi, abin da ya zama ruwan dare a wasu jihohi. Mutanen da suka san ƙasarsu haka, ba mu ne za mu koya musu yadda za su nemi haƙƙinsu ba.

Ina roƙonka, Baffa, kada ka ɗauka duk wanda ya zaɓi Modi maƙiyin Musulmi ne. Talakan ƙauye yana duba abin da ya shigo gidansa. Gwamnati tana ba mutum wajen miliyan 800 hatsi kilo 5 kyauta kowane wata, ta raba wa mata matalauta tukunyar gas tun daga 2016, ta gina makewayi a ƙauyuka, kuma tallafi yana shiga asusun banki kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun ɗan tsakiya ba. Mai sayar da shayi a bakin hanya da wayar hannu yake karɓar kuɗinsa. A gefe guda kuma matasa masu digiri suna yawo babu aiki, manoman Punjab da Haryana sun yi shekara guda a kan iyakar Delhi har sai da gwamnati ta janye dokokin noma uku a watan Nuwamba na 2021, sannan ga rabuwar jama'a bisa asalin haihuwa, wadda sau da yawa ta fi addini tasiri a ranar zaɓe. Tsarin mulki ya haramta ƙyamar Dalit, an kuma ware musu kashi 15 cikin 100 na guraben aikin gwamnatin tarayya, ƙabilun asali kashi 7.5, sauran rukunonin da aka bari a baya kashi 27, amma har yau sunan gidan mutum yana gaya wa mai sauraro matsayinsa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na tarar da irin wannan bambanci a tsakanin Musulmin ƙasar ma, inda masu da'awar asali daga Larabawa ko Farisa ba sa son haɗa aure da zuriyar masaƙa da mahauta. Kuma ƙasar ba ɗaya ba ce. A Kerala da Bengal ta Yamma da wasu jihohin arewa maso gabas ana sayar da naman shanu a fili, a Hyderabad kuma mutum zai ji kiran salla ta kowace kusurwa. A lokacin da korona ta yi tsanani a 2021, wuraren ibadar mabiya addinin Sikh sun raba iskar numfashi kyauta ga duk wanda ya zo, ba su tambayi addinin kowa ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa, domin ya fi maganar addini taɓa rayuwarmu ta yau da kullum, wato launin fata. Fina-finan da muka tashi muna kallo a Kano ba su nuna mana wannan ba. Neman gidan haya yana yi wa baƙar fata wuya, kuma laifin wasu 'yan Najeriya ƙalilan da ke safarar ƙwayoyi ya shafa wa kowa baƙin jini. A watan Maris na 2017, bayan mutuwar wani yaro a Greater Noida, an yaɗa cewa 'yan Najeriya ne suka ba shi ƙwaya, jama'a suka far wa ɗalibai har cikin wani babban kanti suna dukansu. Daga wannan ne muka ɗauki wasu ɗabi'u da baƙo zai iya ganin sun yi tsauri: sabon ɗalibi ba ya kama gida sai wani babba ya je ya ga unguwar, ba a karɓar saƙon kaya daga wanda ba a sani ba a filin jirgi, ba a yarda biza ta ƙare a hannun mutum, kuma wanda muka tabbatar yana harkar banza muna nisanta kanmu daga gare shi a fili. Muna da asusun da kowa ke zubawa, da shi ake taimakon wanda kuɗin jinya ya yanke masa, da shi kuma ake yi wa wanda ya rasu sutura. Yawancin majinyatan da Allah ya yi wa cikawa a nan muke binne su, a maƙabartun Musulmin gari, domin mayar da gawa gida yana da tsada da doguwar hanyar takardu.

Abin da ya biyo bayan harin 2017 shi ya koya mana inda kariyarmu take. Jakadun ƙasashen Afirka da ke Delhi suka fitar da sanarwa ta haɗin gwiwa suka kira abin da sunansa, wato ƙyamar baƙi da wariyar launin fata, kuma maganar ta yi wa gwamnati zafi ƙwarai. Dalili kuwa shi ne Indiya tana son a ɗauke ta a matsayin muryar ƙasashe masu tasowa, tana neman kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma tana gogayya da Sin a kan kasuwannin Afirka. A taron G20 da aka yi a Delhi a watan Satumba na 2023, wanda Shugaba Tinubu ya halarta a matsayin baƙo, aka shigar da Tarayyar Afirka cikin ƙungiyar. A watan Nuwamba na 2024 Modi ya je Abuja, ziyarar farko da firaministan Indiya ya kai cikin shekara 17, aka ba shi lambar girma ta GCON. Alaƙar ma tsohuwa ce, domin hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka kafa makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna a 1964, kuma marigayi Muhammadu Buhari ya yi kwas a kwalejin soja ta Wellington da ke kudancin ƙasar a 1973.

Gwamnatin nan, wadda ba ta cika sauraron masu suka na cikin gida ba, tana sauraron gwamnatocin da take da bukata a wurinsu. An ga haka a watan Yuni na 2022, bayan da wata mai magana da yawun BJP, Nupur Sharma, ta yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Musulmin ƙasar sun yi kwanaki suna kuka ba a kula su ba, amma da Katar da Kuwait suka kira jakadun Indiya, Saudiyya da wasu ƙasashe suka yi tir, nan da nan jam'iyyar ta dakatar da ita. Miliyoyin 'yan Indiya ne ke aiki a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, kuma kuɗin da mazauna waje ke aikowa gida ya haura dala biliyan 100 a shekara. Siyasarsu ta waje gaba ɗaya a kan lissafin amfani take tafiya: suna ƙawance da Amurka saboda Sin, wadda suka yi arangama da ita a Galwan, a kan iyakarsu, a 2020 har sojojinsu 20 suka mutu, amma tun daga 2022 suke sayen man Rasha mai rahusa har ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da suke shigowa da shi, wanda ya rage sayen ɗanyen man Najeriya, ya kuma sa Amurka ta ninka harajin da take ɗora wa kayansu zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Agusta na 2025. Sun amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, amma Modi ne firaministan farko da ya ziyarci Isra'ila, a 2017. Saboda haka idan wani abu ya sami ɗayanmu, ba ma fita titi. Muna rubuta abin da ya faru dalla-dalla, mu kai ofishin jakadancinmu, mu matsa har sai an yi magana gwamnati da gwamnati. A ganina ku da ke gida kun fi mu ikon taimaka wa Musulmin Indiya da mu kanmu, idan malamai da 'yan majalisa suka sa gwamnatinmu ta riƙa ɗaga maganar a duk lokacin da aka zauna cinikin mai ko magani ko makamai.

Saura maganar aure da ta 'yarka da kake tunanin turowa karatun haɗa magunguna. Muna ba samarinmu shawara su yi aure a gida, kuma ba don raina mutanen nan ba. A al'adarsu iyayen amarya ne ke biyan dukiya mai yawa ga gidan ango, duk da an haramta hakan tun 1961, sannan jihar Uttar Pradesh, inda Greater Noida take, ta yi doka tun 2020 wadda ta sa duk wanda zai canza addini sai ya sanar da hukuma kwana 60 kafin ya yi, kuma ƙarar dangin yarinya kaɗai ta isa a tsare saurayi Musulmi bisa zargin ya yaudare ta ta musulunta. Game da hijabi, hanin da aka yi a jihar Karnataka a 2022 ya shafi makarantun gwamnati masu kayan makaranta ne, alƙalai biyu na Kotun Ƙoli suka rabu a kai, kuma 'ya'yanmu mata suna zuwa jami'a da hijabinsu. Sai dai ta sani cewa a arewacin ƙasar mata ba su cika zuwa masallaci ba, don haka matanmu a gida suke haɗuwa su yi asham, kuma sau da yawa ganin watan nan yana bayan na gida da kwana ɗaya, mu kuwa da mutanen gari muke ɗaukar azumi mu ajiye.

Idan ka yanke shawarar turo ta, ra'ayina shi ne a fara duba makarantun Hyderabad ko Kerala kafin na kewayen Delhi, a tabbatar hukumar kula da sana'ar haɗa magunguna ta Najeriya ta amince da takardar makarantar kafin a biya ko sisi, a biya kuɗin kai tsaye ga makarantar ba ta hannun dillali ba, kuma ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai mata a shekarar farko. Ka sanar da ni da wuri domin iyalina su tarbe ta a filin jirgi, mu kuma raka ta rajista kafin kwana 14 su cika. A gaida Inna da sauran mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Wassalam.